Jakar Mai Hoto a Kurmi: Abin Da Na Koya Daga Fataucin Goro



Yau so nake mu ɗan tattauna a kan wata sana'a da samarinmu suka runguma a 'yan shekarun nan, wato ɗaukar hoto da bidiyo a wajen biki da suna da walimar saukar karatu. A da, in Bahaushe zai aurar da 'yarsa a Sabo, galibi sai an je Mokola ko Dugbe an ɗauko mai hoto. Yanzu kuwa da wuya ka shiga layi ba ka samu yaro ɗaya mai kyamara ba. Abin farin ciki ne. Sai dai abin da na lura shi ne, kowa na koyon yadda ake ɗaukar hoto mai kyau, amma kaɗan ne ke zama su yi tunanin yadda za su koma gida da kayan aikinsu lafiya. Wannan shi ne dalilin rubutun nan.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa kyamara ta fi waya daɗi a wajen ɓarawo. Waya tana da lambar sirri, tana da lambobin nan 15 da ake kira IMEI waɗanda ke fitowa in ka danna *#06#, kuma asusun Google ko na Apple na iya kulle ta ta zama hoto a hannun wanda ya ɗauka. Kyamarorin da akasarinmu muke riƙewa, wato tsofaffin Canon da Nikon na hannu, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk wanda ya ɗauka, da ya murɗa makunni ta kama aiki. Shi kuma lens, wato idon kyamarar, cikin ƙiftawa da bismilla ake cire shi a sayar daban, kuma wani lens ɗin ya fi kyamarar kanta tsada. Ga kuma batun canji. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka saki naira a watan Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kayan hoto duk daga waje suke zuwa, saboda haka wanda ya rasa kyamarar da ya saya kafin lokacin, sake mallakar irinta sai an sha wuya.

Ni a Sabo aka haife ni. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne, yana saye a nan ƙasar Yarbawa yana aikawa kasuwar Mariri a Kano, haka shi ma ya tarar da mahaifinsa yana yi. Da na gama sakandare a 2018 sai na shiga koyon hoto a wajen wani dattijon Bayarabe da ke da shago kusa da mu, mutumin kirki, har yau Oga nake ce masa. Bayan shekara guda Baba ya ba ni kuɗin da na je Kwamfuta Bilej ta Ikeja na sayo Canon 600D ta hannu, samfurin da ya fito tun 2011. Ranar da zai ba ni kuɗin, abin da ya ce shi ne: "Wannan ba kyauta ba ce, jari ne. Kuɗin huhu shida ne na goro na zare. In ta ɓata, ba ni kaɗai aka yi wa asara ba, har da ƙannenka da ke jiran kuɗin makaranta." Sai a 2022 na gama biyan sa. Mutumin da ya yi shekara uku yana biyan abu, ai ba sai an ce masa ya kula da shi ba. Amma yadda ake kulawar, a wajen Baba na gani, domin kuwa shekara da shekaru yana yawo da kuɗin mutane tsakanin Ibadan da ƙauyukan goro, kuma cikin ikon Allah ba a taɓa raba shi da su ba.

Darasi na farko: kada kaya su faɗi sunansu

Ban taɓa ganin Baba ya ɗauki kuɗin saye a jaka mai kyau ba. Tsohon buhu ne, a samansa ganyen goro da ɗan tsumma, shi kansa kuma rigar da ta kwana biyu. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jakar kyamara ta kamfani, baƙa mai kusurwa huɗu da sunan Canon ko Nikon ɓaro-ɓaro a jiki, daga nesa take sallama wa ɓarawo. Ni jakar makaranta nake amfani da ita, irin ta 'yan sakandare wadda ta ɗan koɗe. Na samu soson katifa na yanka, tela ya ɗinka min shi gida-gida a ciki, kyamara da gurbinta, lens da nasa, filasha da nata. Igiyar rataya mai sunan kamfani ma na cire ta na sa baƙa mara rubutu. Zif biyu na jakar kuwa ina haɗa su da ƙaramin kwaɗo. Kwaɗon ba zai hana mai reza ba, amma yana hana mai saurin hannu a cikin cunkoso, kuma shi ne ya fi yawa. Sandar nan mai ƙafa uku ita ce mai tona asiri, domin duk wanda ya gan ta ya san akwai kyamara a kusa. Ita a cikin buhun Bagco nake naɗe ta, sai ka ɗauka rake ne.

Darasi na biyu: kada a tara jari wuri ɗaya

Fataken da suna da lalita, wato ɗamarar kuɗi da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Baba har yau kasa kuɗinsa yake yi kashi uku, na aljihu wanda in an tare shi zai miƙa, na lalita, da wanda ke wajen yaronsa a wata motar. A sana'armu, abin da ya fi komai daraja shi ne mafi ƙanƙanta, wato memori. Kyamara taka ce, in ta tafi kai ka yi asara. Hotunan da ke cikin memori kuwa na mutane ne, amana ce, kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya rasa katinsa.

Akwai wani abokin sana'armu, tare muka fara. A 2022 ya karɓi aikin wani biki na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da walimar dare, duk ya tara su a memori ɗaya. A daren ƙarshe, lokacin da aka tashi liƙi kowa ya ruɗe, sai ya ajiye babbar kyamarar a jaka ƙarƙashin teburi ya ɗauki ƙarama ya shiga fili. Da ya dawo babu jaka babu dalilinta. Kakar amarya tun daga Funtuwa aka ɗauko ta don bikin, kuma a daminar shekarar Allah Ya yi mata rasuwa. Hotunanta na ƙarshe da jikarta suna cikin wannan kati. Iyalan ba su nemi ya biya ko sisi ba, uban amarya cewa kawai ya yi Allah Ya mayar da alheri. Amma yaron nan ya ce min da sun kai shi ƙara da ya fi masa sauƙi. Har yau in ya hango mutanen gidan sai ya canza hanya, kuma ya bar hoto, yana taya wansa sayar da albasa a Bodija.

Saboda haka ni ƙananan memori nake saye da yawa maimakon babba guda ɗaya. Kowane zama da katinsa. Da an shafa fatiha an watse daga ɗaurin aure, sai in cire katin in sa a wani ɗan aljihu da aka ɗinka min a cikin wando, in ɗora sabo. Memori ba ya kwana a cikin kyamara, ba ya kuma shiga jaka ɗaya da ita. In na isa gida, kafin in ci abinci sai na juye hotunan a kwamfuta, muhimman kuma in tura su Google Drive, wanda ke ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta. Ba na goge kati sai na miƙa wa masu biki aikinsu. Wanda Allah Ya hore wa kyamara mai ramin memori biyu, kamar Nikon D7000, ya saita ta tana rubuta kowane hoto a katin biyu, in an tashi ya raba musu wurin kwana.

Darasi na uku: kowane kaya da shaidarsa

Duk huhun da Baba zai ɗora a mota sai an rubuta alamarsa a jiki, don in an sauke a Kano a san na wane ne. Kyamara ma tana da tata shaidar. A ƙarƙashinta akwai lambar da kamfani ya ba ta ita kaɗai, kowane lens ma da tasa lambar, haka filasha. Tambayi masu hoto goma a Sabo lambar kyamararsu ka ga nawa za su iya kawo ta. Ni na rubuta nawa a littafin bashin Baba, na ɗauki hotonsu tare da rasit na tura wa kaina ta imel, na kuma bar kwafin rasit ɗaya a cikin jaka. Ainihin rasit ɗin yana gida.

Wani abin da da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin waɗannan kyamarori suna rubuta lambarsu a ɓoye cikin bayanan kowane hoto da suka ɗauka. Ke nan ko takarda ta ɓata, tsohon hoton da ka juye kai tsaye daga kati zai iya zama hujjarka. Amma a kula, WhatsApp da Facebook suna share waɗannan bayanai in an tura hoto ta hanyar da aka saba, don haka na asalin ake adanawa. Haka nan a cikin saitin kyamarar akwai wurin da mutum zai rubuta sunansa a matsayin mai haƙƙin hoto. Ɓarawo mai gaggawa ba kasafai yake tuna ya goge ba, kuma mai gyara na kirki in ya gani zai yi tambaya.

Akwai kuma 'yar na'urar bin sawu da ake ɓoyewa a jaka, kamar AirTag na kamfanin Apple da ya fito a 2021. Yana da amfani, amma a san iyakarsa. Shi ba ya magana da tauraron ɗan Adam, wayoyin iPhone da ke wucewa kusa da shi ne ke ba da labarin inda yake. A unguwar da kowa Tecno da Itel da Infinix yake riƙewa, zai iya yin shiru na tsawon lokaci. Google ma ya buɗe irin wannan tsari ga wayoyin Android a 2024. Sannan an yi su ne yadda za su yi ƙara ko su sanar da wayar wanda ke ɗauke da su, don hana bibiyar mutane a ɓoye, ke nan ɓarawon ma zai iya ganewa ya jefar. In za ka sa, ka farke shafin jakar ka ɗinke shi a ciki.

Darasi na huɗu: baƙo da maigidansa

An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma abin da ya riƙe kasuwancin goro da shanu a cikinta shi ne tsarin maigida. Baƙo ya zo daga Arewa, ya sauka a gidan maigidansa, ya damƙa masa kuɗinsa da kayansa, sannan ya shiga gari hankali kwance. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafi a kan wannan tsari a 1969. Mu jikokinsu bai kamata a ce mun manta ba. Duk gidan bikin da na je, kafin in ciro kyamara sai na nemi babba a gidan na gaishe shi, na ce, "Baba, ga kayan aikina, a ina zan ajiye?" Sau da yawa ɗakin uwar amarya ake buɗe min, ko a ba ni makullin but ɗin mota. Da zarar babba ya san da zaman jakarka, ta shiga amanar gidan.

Sannan ba na zuwa aiki ni kaɗai. Ina tafiya da ƙanena, kuma aikinsa ɗaya ne tak, jaka. Ba ya riƙe fitila, ba ya karɓo abinci, ba ya zuwa kiran kowa. Lokuta uku ne kaya suka fi tafiya a wajen biki: lokacin shigowar amarya, lokacin liƙi, da lokacin rabon abinci, domin a nan ne idon kowa ke wuri ɗaya. A kuma yi hattara da mutumin da ya sha anko ko babbar riga ya zo yana cewa "kawo in riƙe maka." Dangin ango za su ɗauka na amarya ne, na amarya su ɗauka na ango ne, alhali shi ba na kowa ba ne.

Lokacin sallah ma abin lura ne, tunda ko takalmi ba ya tsira a ƙofar wani masallacin. In zan bi jam'i, jakar tana gabana, tsakanin ƙafafuna da wurin sujada. Ba na jingine ta a bango ko in bar ta a bayan sahu. Wajen alwala kuwa a ƙirji nake rataye ta.

A kan hanya da kuma a gida

A Iwo Road ko Ojoo ko Challenge, jakar baya gaba take komawa. A cikin 'yar Micra ko Keke, a kan cinya take, igiyarta naɗe a hannuna, kuma ba ta ɓangaren taga ko bakin ƙofa ba. Ba na yarda a sa ta a but, ko da direba zai ce in biya kuɗin kujera biyu. A kan acaɓa tana tsakanina da direba. In aiki ya kai ni Legas, a tasha nake shiga mota saboda 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a bakin titi su yi masa fashi a cikin motar. Tun da jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan ya fara aiki sosai a 2021, in da hali shi nake bi daga Moniya in sauka Agege, jakar kuma a ƙafata take. Bikin da ya kai tsakar dare, gara in kwana a shagon masu gida in kama hanya bayan asuba.

A gida, musamman ga mai zaman gidan haya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwatin ƙarfe nake da shi mai kwaɗo, na ɗaure shi da sarƙa a ƙafar gado. Ina zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi, domin daminar Kurmi ma ɓarauniya ce, tana sa lens ya yi fumfuna. In babu wuta, batir kaɗai nake kai wa mai caji. Kuma ba kowane sabon kaya ne mutum zai ɗauka ya ɗora a waya duniya ta gani ba.

In abin ya faru

Duk dabarar mutum, wata rana sai a fi shi. In aka tare ka da makami, miƙa jakar. Kyamara ana sayen wata, kuma in ka bi darasi na biyu, amanar mutane tana jikinka. Bayan haka ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambobinka da rasit, ka karɓi takardar rahoto. Ka raba lambobin ga masu gyara da masu sayar da kayan hoto da sauran abokan sana'a, Hausawa da Yarbawa, domin a hannunsu kayan ke ɓullowa. Ko ka gano inda kayanka suke, kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka tara abokai.

A nan akwai abin da ya shafe mu mu mazauna Kurmi musamman. Kalmar "ole", wato ɓarawo da Yarbanci, tana da sauƙin faɗa, amma in ta fita a kasuwa ba ta komawa. Cikin minti biyu za a iya kashe mutum a kan zato, kuma in wanda ake zargi da mai zargin ba yarensu ɗaya ba, magana ta tashi daga kan kyamara ta koma wani abu. Duk mun ga abin da ya faru a Shasha a Fabrairun 2021, inda ƙaramar hatsaniya ta jawo asarar rayuka da ƙone shaguna da gidaje har aka rufe kasuwar. Mun kuma ji na Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta zuwa Kano bisa zargi. Babu kyamarar da ta kai wannan. Haka kuma, saurayi ɗan Hausa da kaya masu tsada a jaka shi ma ana iya yi masa kallon ɓarawo. Kwafin rasit da katin shaida a aljihu suna kashe magana tun ba ta yi nisa ba.

Daga ƙarshe, sai mun kalli kanmu. Ɓarawo ba ya sata sai ya san akwai mai saye. In dillali ya kawo maka kyamara a rabin kuɗinta, babu caja, babu murfin lens, babu rasit, an kankare lambar ƙarƙashinta, kuma mai ita wai yana sauri zai yi tafiya, to ka san hawayen wani ne ake tallata maka. Doka ma ba ta bar mai saye ba, domin sashe na 427 na kundin laifuka da ake aiki da shi a Kudu ya tanadi ɗauri ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane. Baba yakan ce goron da ba a san gonarsa ba, ko marsa ne a bar wa mai shi. Da a ce duk masu hoton Sabo da Agege da Shagamu za mu haɗa littafi ɗaya na lambobin kayanmu, mu kuma yi alkawarin ba mai sayen abin da bai duba a ciki ba, da satar ta ragu ƙwarai. Ni dai na fara da abokaina guda bakwai, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai son shiga.

Wanda ke da wata dabarar da ban ambata ba, don Allah ya sanar da 'yan'uwa, musamman yaran da ke shigowa sana'ar yanzu da kuɗin iyayensu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a abin da muke nema. Amin.

Wassalam. Naku, daga Sabo, Ibadan.